Goggo da Shanunta Goma na Kemistiri

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma ranar Talatar da ta wuce Goggo ta riga mu tafiya. Waya ta same ni a Zariya ina tsaye a ɗakin haɗa magani, inda nake koyon aiki. Kafin jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Minna an riga an kai ta makwancinta. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, da butoci a jere, da takalman mutane.

Goggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta goya shi. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa ba su tsaya ba, sai ta dawo gidanmu tun kafin a haife ni, ta kama ɗakin da ke kusa da garke, ba ta sake barinsa ba sai da aka fito da ita a makara.

Da na shiga cikin gida Inna, mahaifiyata, ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Wasu matan Gwari daga ƙauyukan bakin Chanchaga, waɗanda suka daɗe suna sayen man shanu a hannunta, sun zo da itace a kafaɗa sun jibge a tsakar gida. Babbarsu ta ce, "Goggo ba ya sa ruwa a nono, ko sau daya." Sai ta zauna. Maƙwabcinmu malamin asibiti, Kirista ne, tsoho yanzu, yana zaune a gefen tabarma da hularsa a cinya. Da na durƙusa na gaishe shi ya ce, "Malam karami, uwarka ya tafi." Sai ya bubbuga gwiwata sau uku, ya kau da kai. Wanda ya gani zai ce lallashi ne. Ni kuwa sai da gabana ya faɗi.

Baba bai ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa. An ce tun ranar bai sa loma a baki ba. Turmin Goggo yana kife a bakin ɗakinta, taɓarya a jingine da bango, ba wanda ya taɓa su.

Masu ta'aziyya suna ta shigowa suna cewa marigayiya mace ce mai haƙuri. Allah Ya yafe musu, ladabi ne ya sa su faɗi haka. Goggo ba ta da haƙuri ko na ƙwayar gero. Na ɗauki alƙalami ne don kada nan da shekara goma a mayar mini da ita wata salihar tsohuwa mai sanyin murya, wadda ban taɓa sani ba.

Sana'arta nono. Kullum da hantsi takan ɗora ƙwarya a ka ta nufi tasha ta tari jirgi. Akwai ranar da wani ma'aikacin jirgi ya tsoma yatsa a kindirmonta wai yana ɗanɗanawa. Ta sauke ƙwaryar, ta juye nonon duka a gaban takalmansa, ta ce tunda ya wanke hannu a ciki sai ya wanke ƙafa ma. Ta dawo gida da ƙwarya wayam, tana tafe tana faɗa ita kaɗai. Ita ce kuma, a shekarar da annoba ta kashe wa wani makiyayi shanunsa, ta kora masa karsanarta guda ba tare da ta shawarci kowa ba, kuma duk wanda ya tayar da zancen sai ta zage shi.

Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami, sai surorin da take salla da su. Amma kowace saniya a garkenmu Goggo za ta ja maka asalinta har kaka ta biyar. Tambayarta guda biyu ce a kan komai, ko amarya aka kawo unguwa, ko sabon magani, ko labarin mulkin kai da ake ta yi yanzu: "Wa ya haife ta? A ina take kwana?" In ba ka da amsa, to a wurin Goggo ba ka san abin ba, surutu kake yi.

Ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinta aka sa mini, marigayi Malam. Babana take ce mini. Baba kuwa Auta take kiransa, ko a gaban fataken shanu, shi da gemunsa da furfurarsa. Yakan haɗiye abin ya amsa, "Na'am, Yaya."

Abin da ya sa nake binta addu'a fiye da kowa ya faru ne a hutun damina, ina aji uku a makarantar sakandare ta kwana. Na dawo gida da takarda daga hedimasta. Maƙwabcinmu ne ya karanta wa Baba ita a zaure, ina tsugune. Takardar ta ce na faɗi kemistiri, wato ilimin haɗa sinadarai, kuma ranar da muka koma za a sake gwada ni. In na sake faɗuwa, makaranta ta sallame ni.

Baba bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Shi fatauci yake yi, yana loda shanu a taragon jirgi zuwa kudu, kuma ya daɗe yana son wanda zai riƙa karanta masa takardun tasha. Cewa ya yi, "To, in sun koro ka ai ba a rasa abin yi ba." Ni kuwa na ga abin da ke cikin kwalaben ɗakin gwaji, na ga ruwa fari ya koma shuɗi a hannuna, raina ya riga ya tafi can. Bin tarago da sanda ya zame mini kamar a rufe ni da rai.

Abin da ya kayar da ni jeri ne guda. A kemistiri akwai ƙwayoyin zarra da suke haɗuwa su zama gungu, su yi ta yawo tare kamar abu ɗaya. Malaminmu radikal yake ce musu. Guda goma aka ba mu, kowace kuma sai ka haddace abu uku a kanta: sunanta, da ƙwayoyin da ke cikinta, da yawan hannuwan da take kama wani sinadari da su, ɗaya ko biyu ko uku. In ka kuskure hannu, duk lissafin da ka ɗora a kai ya rushe. Ni da na haddace izu goma kafin a kai ni boko, sai ga abu goma kacal sun gagare ni.

Na riƙa zama a gindin tsamiyar bayan garke ina rera su kamar karatun allo. Goggo ta saurare ni kwana biyu tana tatsa. A na uku ta ajiye ƙwarya ta zo ta tsaya a kaina.

"Babana, wannan karatu naka ba ya shiga. Jiya ka faɗi abu, yau ka faɗi wani. Salfet ɗin nan da kake ta kira, wa ya haife ta?"

"Goggo, ba haihuwarta ake yi ba. Salfa ce guda ɗaya, da oksijin huɗu."

"Mene ne salfa?"

"Farar wuta."

"Farar wutar da nake shafa wa maruƙa in sun yi ƙazuwa?"

Na ce ita.

"Kuma huɗun nan ba sa rabuwa da ita?"

"Ba sa rabuwa."

"To ai saniya ce da maruƙanta huɗu. Shi ne Bature ya sa ka ramewa? Kawo ta gaba."

Na ce salfayit, ita ma salfa ce amma oksijin uku. Goggo ta ce wannan 'yar'uwar waccan ce, kurar dutsen can ta ɗauke mata maraƙi ɗaya. Tun daga ranar ban sake haɗa su ba.

Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayarta ta biyu, a ina kowace take kwana. Na yi ta tono abin da malaminmu ya taɓa faɗa a aji. Kabonet tana cikin kanwar da ake ba shanu. Naitiret tana cikin albarushin maharba. Haidiroksayid tana cikin ruwan tokar da Inna take sabulu da shi. Kuloret tana kan tsinken ashana. Amoniyam kuwa, da na ce ita ce ke tashi da zarnin fitsarin garke, kuma ita kaɗai ake rubuta wa alamar ƙari, sauran tara alamar ragi gare su, Goggo ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce wannan bijimi ne, shi ya sa yake wari.

Ta ɗauko tsohon dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere kowane da maɗaukinsa, ta yanko maɗauki goma. A jikin kowane ta ƙulla zare da yawan maruƙan saniyar. Hannuwa kuma a turmi muka koye su. Kullum da safe in tana dakan geron fura sai ta kira suna, ni in faɗi uwa da 'ya'ya da hannu, ita kuma ta sauke taɓarya daidai yawan hannun. Kabonet, dum, dum. Naitiret, dum. In na yi kuskure sai taɓaryar ta tsaya a sama, Goggo ta zuba mini ido, har sai na gyara. Kafin sati biyu ta fi ni iya su. Takan tare Inna a madafa ta tambaye ta bijimi hannu nawa gare shi, Inna ta ce don Allah a ƙyale ta.

Tara suka zauna daram. Fosfet ce ta ƙi.

"A ina take kwana?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Duba littafin."

"Littafin bai faɗa ba."

Da na tsallaka katanga na tambayi maƙwabcinmu da ya gaya mini, amma girman kai irin na ɗan aji uku ya hana ni. Ga shi fosfet maruƙanta huɗu kamar salfet, amma hannunta uku, na salfet biyu. Kullum in an zo kanta sai bakina ya ce biyu. Goggo ta ce baƙuwar saniya ce, ba ta san turkenta ba, shi ya sa take bin salfet. Mun yi sati muna fama. In na faɗa daidai da safe, da la'asar ta gudu.

Saura kwana huɗu in koma, ranar Talata da hantsi, Goggo ta kira ni ɗakinta. Ta miƙa hannu ta sauko da allon Malam daga inda yake rataye, naɗe cikin fatar akuya. Wannan allo a kansa kakana ya sauke Alƙur'ani, kuma tun rasuwarsa ba a sake ɗora masa alƙalami ba. Ta ajiye mini tawada.

"Rubuta ta sau bakwai. A wanke ka sha. In ta ƙi shiga ta kunne ta shiga ta ciki."

Na ce, "Goggo, allon Malam ne fa."

"Mai sunan Malam ne zai rubuta. Ilimi duk na Allah ne. Rubuta."

Na san bai kamata ba. Amma tsoron tarago ya fi ƙarfina, na tsoma alƙalami. Na yi layi biyar, tawada ba ta ko bushe ba, sai haske ya ragu a bakin ƙofa. Baba ne, ya zo karɓar man shanu don wani baƙo.

Ya daɗe yana kallon allon. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take, kuma ban taɓa jin ta haka ba.

"Yaya, allon wane ne wannan?"

"Na ubana."

"Ubanki ke kaɗai?"

Baba ya ci gaba.

"Allon da bai taɓa ɗaukar komai ba sai zancen Allah, shi aka zana wa baƙaƙen Nasara? Har za a wanke a sha kamar aya?" Ya juyo gare ni. "Tashi ka kwance akwatinka. Karatun da ya kai ka ga wannan ya ƙare yau. Ba sai sun koro ka ba."

Goggo ta miƙe ta shiga tsakaninmu. "Auta, ni na sa shi. In duka za ka yi ga bayana, shi ne wanda ka yi wa fitsari shekara biyu."

"Ba zan sa'insa da ke ba, Yaya. Amma ɗana ne."

Ya fita bai ɗauki man ba.

Kwana biyu gidanmu ba mai ɗaga murya. Inna tana kai abinci zaure, ta kai ɗakin Goggo, dukansu ana dawo da kwano kusan yadda aka kai. Na kwance akwatina kamar yadda aka ce, na zauna ina kallon littattafai. Na ji haushin Goggo ƙwarai a kwanakin nan, ban ɓoye ba, ko gaishe ta da kyar nake yi. Ita kuwa ta wanke allon da hannunta, ta kai ruwan gindin tsamiya inda ba a takawa ta zuba, ba ta ba ni ko ɗigo ba. Ta tashi da azumi washegari. Da la'asar ta same ni a bayan garke, ta tsaya ba ta dube ni ba.

"Na yi wauta, Babana. Na roƙi Allah gafara, na roƙi Malam. Amma in Auta ya ji na faɗi haka, sai na cire maka kunne."

Ranar Alhamis ta yafa mayafi ta tafi ƙofar zaure ta ciki, Baba yana zaune shi kaɗai. Ina laɓe a bayan zana.

"Auta, laifin allo nawa ne ko na yaro?"

"Ya san abin da yake yi."

"To ka ce karatun ya lalata shi. Ni na ce karatun ya zauna masa. A gwada shi a gabanka. In bai iya ba, ni da kaina zan ba shi sandar kiwo."

Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗinsa. Maƙwabcinmu ne zai riƙe littafi, don shi ba ya yi wa kowa kara. Goma ne, in na kuskure ɗaya magana ta ƙare, ba roƙo, ba sake gwaji. "Ke kuma, Yaya, ba za ki leƙo zaure ba."

"Ni da zaure? Ina da daka."

Jirgi Asabar da safe zai tashi. Aka sa gwajin Juma'a bayan la'asar.

Hadari ya haɗu ranar bai zubo ba, zaure ya yi zafi. Baba yana kan buzunsa da carbi. Maƙwabcinmu ya zo da rigar aikinsa, ya sa tabarau, ya buɗe littafina a cinya. Ya ce, "Maigida, ni ba zan taimaki yaro ba, ba zan cuce shi ba. Abin da littafi ya fada, shi ke nan." Baba ya ce abin da ya sa aka kira shi ke nan.

Bai bi jeri ba, tsallake ya riƙa yi. Ya fara da naitiret. Na ce naitirojin ɗaya, oksijin uku, hannu ɗaya. Ya ce daidai. Ya kira amoniyam, ya kira salfayit. Ba igiya a hannuna, amma yatsuna suna bin ƙulle-ƙullen a kan gwiwata, ina ganin kanwa, ina jin zarnin garke. Duk wadda na faɗa sai Baba ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Gumi yana bin bayana. Shida suka wuce, amma na san wadda nake tsoro tana nan tana jirana.

"Fosfet."

"Fosfaras ɗaya, oksijin huɗu."

"Hannu nawa?"

Kaina ya zama fayau. Biyu ta zo ta zauna a kan harshena, ina jin nauyinta. Wani abu yana ce mini ba ita ba ce, amma ban san ko wannan abin ne ke ruɗa ni ba. Na duba ƙasa. Carbin Baba ya tsaya. Maƙwabcinmu ya ce, "Ina jira, malam karami." Na buɗe baki.

Sai taɓarya ta sauka a cikin gida. Dum. Dum.

Ta yi shiru. Na ja numfashi zan ce biyu.

Dum.

Ba a ƙara ba. Duk matar da ke daka ba ta yin uku ta tsaya, kowa ya san haka. Kaza ma ba ta yi motsi ba a tsakar gida.

Na ce, "Uku."

Maƙwabcinmu bai ɗago daga littafin ba. Ya ce, "Daidai." Baba ya juya ya dubi ƙofar cikin gida, ya daɗe yana kallonta. Jira nake ya ce a rufe littafi. Sai ya ja ƙwayar carbi, ya ce, "Ci gaba."

Ukun da suka rage ban san yadda na faɗe su ba. Da aka gama Baba ya ce, "Jirgi ƙarfe bakwai ne. Je ka ɗaure kayanka." Ya tashi ya yi alwala.

Na ruga cikin gida. Goggo tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa na fara yi mata godiya ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta san abin da nake nufi ba, ita gero ta daka. Sai ta kama kunnena ta murɗe har na ga wuta.

"Fosfet hannu nawa?"

"Uku, Goggo."

"Ka yi ta faɗa har jirgi ya sauke ka. Can ba ni da turmi."

Da safe a tasha ta tura mini dangwalin nan cikin aljihu, ta juya ta ci gaba da tallan nononta kamar ba ta san ni ba.

Na ci gwajin makaranta, goma cif, ba wanda ya daka mini komai. Amma abin zaure bai bar ni ba. Na san da taimako na haye, na san Baba ya sa sharaɗi da gaskiya ni kuma na bi ta bayansa. Duk lokacin da ya gabatar da ni ga baƙi ya ce ga ɗansa mai karatun magani, sai in ji kunya ta rufe ni. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa, sai in tuna ba asirina ba ne ni kaɗai.

A aji huɗu aka koya mana inda fosfet take kwana. Tana cikin ƙashi, tana cikin nono. Da na zo hutu ban ko ajiye akwati ba na je na gaya wa Goggo. Ta leƙa ƙwaryarta, ta daɗe tana kallo.

"Ashe 'yar gida ce. Shekara arba'in ina ɗauke da ita a kaina, ba ta taɓa gaishe ni ba."

Daga nan duk mai sayen nono a tasha sai ya ji cewa akwai fosfet a ciki, mai hannu uku, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Jiya aka yi sadakar uku. Da la'asar mutane suka ragu, aka naɗe tabarmi. Na shiga cikin gida na tarar da Baba a tsaye a bakin ɗakin Goggo, hannunsa a kan turmin da ke kife. Na ga ya tsufa a kwana uku. Na ce a raina wadda nake rufa wa asiri ta tafi, saura nawa. Na durƙusa.

"Baba, akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Ranar da aka gwada ni a zaure..."

"Turmin?"

Na kasa ɗago kai.

Ya ce, "A bayan matar nan na girma. Tana daka ina goye. Na san ƙarar turmi mai gero, na san ƙarar wanda ba komai a cikinsa. Ran nan ba komai a ciki. Maƙwabcinmu ma ya ji, bai dai san hatsi ba, amma ya iya ƙirga."

"To me ya sa ba ka ce komai ba, Baba?"

Ya shafa gindin turmin da tafinsa, kamar yadda ake shafa bayan saniya.

"Tun da aka haife ni Yaya ba ta taɓa roƙona komai ba. Umarni take ba ni. Ran nan ta roƙe ni, har sau uku. Da wane bakin zan ce a'a?"

Muryarsa ta karye a nan. Ya zauna a ƙasa a jikin turmin, mutum mai furfura, ya rufe fuska da hannun riga. Na zauna kusa da shi. Can Inna ta kawo fura ta ajiye, ya ɗauka ya sha, abin da ya fara shiga cikinsa ke nan tun Talata.

Dangwalin yana cikin akwatina a Zariya, ƙulle-ƙullen sun yi baƙi don taɓawa. Ya Allah, ga baiwarKa ta zo, mai faɗa, mai tsabtar nono. Ka yafe mata allon, Ka yafe mata turmin, Ka yafe mana mu ukun da muka ji muka yi shiru. In an tambaye ta wa ya haife ta, Malam ne. Inda za ta kwana kuwa, Ka sa ya zama Aljanna.